Walimar Aure a Ƙasar Waje: A Jera Abinci, a Sa Masu Zubawa

Wanda ya taso a Birnin Kudu ko Gwaram bai saba ƙirga baƙin biki ba. Ranar ɗaurin aure motoci kan zo daga Dutse da Kano, dangi su tsallako daga Ningi, mutanen Sara da Babaldu su iso a kan babura, ba kuma mai tsayawa a ƙofa yana duba kati. Mata sun kwana a gindin murhu, an zuba shinkafa a manyan faranti ana ci mutum huɗu ko biyar, an aika wa maƙwabta nasu a kwano. In jama'a ta yi yawa, sai a sake ɗora tukunya. Ɗan'uwan da ya sauka Ingila ko Amurka kuwa zai tarar da komai a kan lissafi: zauren taro yana da adadin da dokar kariya daga gobara ta yarda a shigar, kamfanin abinci kuɗinsa a kan kowane mutum ne, kuma yana neman adadin ƙarshe kwanaki kafin ranar. A irin wannan hali, abin da ya fi dacewa da walimarmu shi ne a jera abinci a dogon tebur, wato bufe, a sa masu zubawa a bayansa.

Masu zaure za su fi tallata maka tsarin da ake kai wa kowa farantinsa a kujerarsa, domin ya fi tsada kuma yana kyau a hoto. Amma an gina shi ne don mutanen da ke amsa gayyata a rubuce, su zo a kan lokaci, kowa ya zauna inda aka ajiye sunansa. Namu ba haka yake ba. Wanda ka gayyata zai taho da abokin aikinsa, da ɗalibin da ya zo daga gida makon jiya, kuma ba za ka iya cewa su koma ba. Idan faranti 150 ka biya, na 151 zai zauna yana kallon bakin mutane, abin da ba a yi wa baƙo ko a gidan talaka. Abincinmu ma bai yarda da tsarin ba. Tuwon da aka zuba wa miya tun a kicin kafin ya kai tebur na ƙarshe ya huce ya daskare, alhali malmalar da aka naɗe a leda aka jera a kula tana nan da zafinta, miyar kuka ko taushe na gefe a kan wuta.

Za a ce ba daidai ba ne dattijo ko malami ya bi layi riƙe da faranti. Gaskiya ne, kuma maganinsa a hannunmu yake: a ware teburin manya da na surukai, samari su kai musu a babban faranti kamar yadda ake yi a zauren gida, sauran jama'a su bi layi, maza gefe mata gefe. Za a kuma ce na farko za su kwashe nama. Shi ya sa ludayi ba ya barin hannun mai zubawa, a kuma ɓoye wani kaso a kicin saboda masu zuwa bayan sallar Isha.

Babbar gardama ita ce ta masu cewa matan unguwa su dafa a gidajensu kamar a Gwaram, a huta da kuɗin kamfani. Wannan yana yiwuwa a zauren masallaci ko na ƙungiya da ake hayarsa babu abinci, amma otal da yawa ba sa yarda a shigo da girkin waje, don haka sai a tambaya kafin a biya kafin alƙalami. Kuma dokar wurin tana da dalili. A Birtaniya ana son abinci mai zafi ya zauna a digiri 63 ko sama, in ya sauka ƙasa da haka kada ya wuce awa biyu; shinkafar da aka dafa da asuba aka bar ta a bayan mota har la'asar tana iya kwantar da rabin taro. Akwai kuma abubuwa 14 da doka ta wajabta wa mai sayar da abinci ya bayyana saboda masu borin jini, cikinsu har da gyaɗa da riɗi, Amurka ma ta sa riɗi a jerinta tun farkon 2023. Mu kuwa gyaɗa tana cikin yajin tsire, da kunu, da miyar taushe, yaran da aka haifa a can kuma ana samun waɗanda ƙwaya ɗaya ke kai su asibiti. A rubuta ƙaramar takarda a gaban kowane mazubi.

Kafin ka sa hannu a yarjejeniya, ka nemi shaidar cewa naman halal ne, a Ingila kuma ka duba makin tsabtar kamfanin, wanda ake bayarwa daga 0 zuwa 5. Ka tambaya ko farashin ya haɗa da haraji da kuɗin ma'aikata, domin a Ingila harajin VAT kaɗai kashi 20 cikin ɗari ne. Sannan a rubuta cewa ragowar abinci naku ne, a tanadi robobin zubawa, saboda mai jego da wanda ke aikin dare da ba su samu zuwa ba.