Kafin Yaronka Ya Harbi Cilakowa

Sana'ata ɗaukar hoton tsuntsaye da tsirrai, kuma yawancin aikina a wajajen Sharabi da ƙauyukan Bagudo nake yinsa, daga gaɓar Kogin Neja har iyakar Benin. Aiki ne na zama da jira, shi ya sa nake ganin abubuwan da ya kamata jama'a su sani.

Cilakowa ta fi tsaya mini a rai. Idan damina ta kama, macen takan shiga kogon bishiya ta toshe ƙofar da laka da kashinta, ta bar 'yar tsaga iyakar yadda baki zai shiga. A ciki take yin ƙwai, a ciki take zubar da gashin fukafukanta da na wutsiya, har tashi ya gagare ta. Makonni take yi a kulle, namijin yana safa da marwa, yana miƙa mata fara da sauran ƙwari ta wannan tsaga. To idan yaro ya harbe namijin da danƙo fa? Uwar da 'ya'yanta na iya mutuwa da yunwa a cikin kogon ba wanda ya sani. Idan ka ga cilakowa da abinci a baki tana kai-komo ga bishiya ɗaya, iyali take ciyarwa.

Furen kuka kuwa sai da fitila nake samun hotonsa mai kyau, domin da magariba yake buɗewa fari tas, kafin yammacin washegari ya yi yaushi. Jemagu ne manyan masu kai masa barbara yayin da suke shan zaƙinsa. Su ne kuma ke zagaya jajayen furannin ɗorawa da dare. Mai kashe jemagu yana rage 'ya'yan kuka, yana rage kalwar da za a yi daddawa.

A gonakin shinkafa na fadama, raɓar asuba kan fito da yanar gizo-gizo fili, kusan kowace ɗauke da ƙwarin da ta kama. Feshin magani barkatai da gizo-gizon yake tafiya, kuma ƙwarin kan riga su dawowa.

Angulu ma da muka saba gani a mahauta yanzu sai an yi sa'a. Tun 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa ta cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa, saboda guba da kuma cinikin sassan jikinta.

Ina roƙon iyaye da malaman makarantun boko da na allo su tsawata wa yara kan harbin tsuntsaye, musamman da damina. 'Yan'uwana masu kyamara da waya, don Allah kada a fasa kogo ko a taɓa sheƙa saboda hoto. A tsaya daga nesa a jira.