Yadda Ake Raba Ruwan Ƙazanta da Sinadarin Istirojin

Duk wanda ya san Vom ya san ta da shanu da allurar rigakafin dabbobi. Tun 1924 Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa take zaune a nan, ga kwalejoji, ga asibiti, ga garken shanun madara. Mutum da dabba ruwan ƙasa ɗaya suke sha, kuma ƙasar suke mayar wa abin da jiki ya fitar. A ciki akwai istirojin, sinadarin da ke tafiyar da al'ada da ɗaukar ciki a jikin mace. Ta fitsari da bayan gida yake fita. Mai juna biyu tana fitar da shi ninkin-ba-ninkin, haka ma saniya mai ciki. Akwai kuma na haɗi, wanda ake sa wa wasu ƙwayoyin tazarar haihuwa.

Kifi ne ke fara ɗanɗana kuɗarsa. Daga 2001 zuwa 2003 masu bincike a Kanada sun riƙa zuba na haɗin a wani tafki da ke Ontariyo, gwargwadon giram 5 zuwa 6 a lita biliyan ɗaya. Mazan wani ƙaramin kifi suka koma yin sinadarin ƙwai irin na mata, zuriyarsa ta kusa ƙarewa a tafkin. Kada mace ta ji wannan ta ajiye maganin da likita ya ba ta. Gyaran yana wurin tace ruwa ne.

A matatar ruwan ƙazanta, irin ta Wupa da ke Abuja, da rariyar ƙarfe ake farawa. Ita ke tare leda da tsumma da robobi. Sai a rage wa ruwan gudu, yashi da tsakuwa su zauna, a wasu matatun kuma a bar shi ya kwanta har kauri ya sauka ƙasa. Duk wannan share fage ne, domin istirojin narkakke ne, yawancinsa wucewa yake yi.

Ainihin aikin yana tankin hura iska. A nan ake haɗa ruwan da wata laka mai rai, cike maƙil da bakteriya, inji yana hura mata iska dare da rana. Idan ka tsaya a bakin tankin za ka ga ruwa mai launin ƙasa-ƙasa yana ɓulɓula kamar kunu a kan wuta. Lafiyayyar laka ƙanshin ƙasar da aka yi wa yayyafi take yi. Ma'aikaci yakan ɗebi lita ɗaya a doguwar kwalba ya ajiye minti 30: in lakar ta kwanta, ruwa garau ya hau sama, to halittun suna cikin ƙoshin lafiya. In ta yi baƙi tana warin ruɓaɓɓen ƙwai, iska ta yanke musu.

Waɗannan bakteriya su ke cinye istirojin, amma ba sa yi da gaggawa. Mafi ƙarfin na jiki sukan fara mayar da shi wani nau'i mai rauni, sannan su wargaza wannan. Na haɗin kuwa taurin kai gare shi, domin da gangan aka yi shi yadda zai daɗe a jiki. Idan ruwa ya wuce tankin gaba lakar ta kwanta, ba a kwashe ta duka, sai a maido da mafi yawanta tankin iska. Idan laka tana kwana 10 ko fiye kafin a fitar da ita, bakteriya masu jinkirin hayayyafa sukan samu su kafu, kuma a irin wannan yanayi ne aka fi ganin sinadarin yana raguwa sosai. A ganina nan ne za mu fi shan wuya: a ɗauke wuta, janareto ba mai, cikin 'yan sa'o'i halittun su fara shaƙewa.

Abin da ya tsira sai a bi shi da ɗayan biyu. Ko iskar ozon, mai farfasa sinadarin, a bi bayanta da matacin yashi, ko gawayin da aka sarrafa ya yi ƙananan ramuka masu kama shi. Suwizalan ta mai da wannan mataki doka a 2016 ga manyan matatunta. Yana da tsada, yana kuma cin wuta.

A Vom kuwa gidaje da masai da sokawe suka dogara, kamar yawancin garuruwanmu. Abin da ya fi dacewa da makaranta ko asibiti ko gonar shanu shi ne jerin tafkuna: na farko mai zurfi don kauri ya zauna, na biye marasa zurfi don rana da gansakuka da bakteriya su yi makonni suna aiki, daga ƙarshe ruwan ya ratsa fadamar da aka shimfiɗa wa tsakuwa aka dasa kacalla. Sai dai Vom tana kan tudu mai tsayin sama da mita 1,200, sanyin hunturunta kuma yana rage wa bakteriya kuzari. Dole mai awon tafki ya yi lissafi da watan Disamba da Janairu, ya ƙara faɗi.

Kafin a kai ga haka, mai gida ya nisanta sokawe da rijiya kamar mita 30. Mai garke ya tara kashin shanu ya ruɓe nesa da rafi. Masu motar kwasar shadda kuma, don Allah, ku daina kallon kududdufan da haƙar kuza ta bari a matsayin juji. Akwai masu kamun kifi da masu noman rani da ke rayuwa da ruwansu.