Kafin Ka Shuka Soso, Kafa Masa Rumfa

Soso shuka ce mai son hawa, kuma idan ka bar shi a ƙasa, 'ya'yansa lanƙwashewa suke yi, wasu su ruɓe da laimar damina. Saboda haka rumfa ce aikin farko, tun ruwa bai sauka ba.

Nemi wurin da rana ke samu sosai. Ka kafa dirkoki huɗu masu ƙwari, ka binne kowace kamar rabin mita, samanta ya kai mita 2. Azara ta fi, don gara ba ta cika damunta ba. In ba ka samu ba, babbaka gindin icen da wuta kafin ka binne. Sai ka gitta gora a sama, ka saƙa waya tsakani. Don Allah kada ka yi rowa a nan. Ɗanyen soso nauyi gare shi, kuma iskar hadari ba ta barin rumfar da aka yi da karan dawa.

Jiƙa irin ya kwana a ruwa, ka shuka biyu ko uku a gindin kowace dirka, da ɗan takin gargajiya. Da ya fara yaɗo, sako masa igiya daga sama ya kama.

Furen namiji daban yake da na mace, ƙudan zuma ke haɗa su, don haka ka guji feshi lokacin fure. Kada ka tsinki soson sai ɓawon ya bushe, ka girgiza ka ji iri na kacau-kacau a ciki.