Kada ka nakasa kwikwiyo tun bai ga filin gasa ba

Tun da bidiyon gasar ajiliti, wasan haura cikas na karnuka, ya cika wayoyin mutane, wata magana ta kama bakin masu kiwon karnuka: wai in kana son karenka ya zama zakara, ka fara sa shi tsalle tun yana wata uku ko huɗu, don icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A kan tarbiyya wannan gaskiya ne. A kan ƙashi kuwa, wannan maganar ce ke kawo mana 'yan kwikwiyo asibiti suna ɗingishi, mai su yana rantsuwa cewa babu abin da ya same su. In ka matsa da tambaya sai ka ji an jera jarkoki a tsakar gida, ana ta sa ɗan talikin yana haurawa safe da yamma.

A Ingila aka fara nuna wasan nan, a bikin karnuka na Crufts na 1978, don ɗebe wa 'yan kallo kewa, kuma a 1980 ƙungiyar Kennel Club ta karɓe shi a matsayin gasa. Kare yana bin fili mai cikas 15 zuwa 22: shingayen tsalle, bututun kutsawa, katakon lilo, gadar katako, tudu mai siffar jinka, da turakun da yake ratsawa dama da hagu. Babu igiya a wuyansa, mai shi ba ya taɓa shi, ba ya riƙe abinci a hannu. To, mutanen da suka ƙirƙiro wasan ba sa barin kare ya shiga gasa sai ya cika wata 18. Haka dokar Kennel Club take, haka ta ƙungiyar duniya ta FCI. Ko ƙungiyar AKC ta Amurka da ta sassauta, wata 15 ta ce. Masu filin ciyawa da kayan aiki na gaske sun ce a jira, kai da ka kalli bidiyon minti ɗaya me ya sa kake gaggawa?

Dalilin a taƙaice yake. A ƙarshen dogayen ƙasusuwan kwikwiyo akwai guringuntsi mai laushi, daga nan ƙashi ke tsawo. Ba ya gama ƙanƙarewa sai wajen shekara ɗaya, a manyan karnuka har zuwa shekara ɗaya da rabi. In ya ji rauni, ƙafa na iya tsayawa da girma ko ta fito a karkace.

Abin da mutane suka kasa ganewa shi ne ba faɗuwa ɗaya ke yin ɓarnar ba, maimaitawa ce. Ko a tsaye kare yake, ƙafafun gaba ke ɗauke da kusan kashi 60 cikin ɗari na nauyinsa, kuma a kansu yake dira duk lokacin da ya yi tsalle. Yanzu ka lissafa dira talatin a rana, a kan siminti ko tayil, wata bayan wata. Turakun nan ma da ake gani kamar wasa suna da illa ga ƙaramin kare: guda 12 ne, tazarar santimita 60 tsakaninsu, yana murɗa gadon baya da kafaɗa a guje. Tudun katakon kuwa tsayinsa ya kai mita 1.7, kuma saukowa ce ke dukan kafaɗa. Kada ka ce mini ai shi ne yake so. Kwikwiyo zai yi ta tsalle yana kaɗa wutsiya muddin kana tafa masa, ciwon sai daga baya yake bayyana, wani lokaci bayan shekaru, sanda gaɓoɓi suka fara sanƙarewa. Don haka: kafin shekara ɗaya babu tsalle mai tsayi, babu turaku, babu tudu.

Sai kuma masu ɗura wa kwikwiyo ƙwayar kalsiyam wai don ƙashi ya yi ƙarfi da wuri. Yawan kalsiyam yana lalata ginin ƙashin manyan karnuka masu tasowa. Masu shagon da ke sayar da shi ba tare da tambayar shekarun karen ba, su ma suna da nasu alhakin.

Ba cewa na yi ka naɗe hannu ba. Aikin da ke cin gasa a ƙasa ake koyon sa. Alƙali yana rubuta laifi biyar in kare ya kayar da sanda, biyar in ya tsallake wurin da aka shafa wa fenti a ƙarshen gada ko tudu bai taka ba, kuma in ya shiga cikas da ba shi ne na gaba ba an fitar da ku ke nan. Yawancin wannan daga mai karen yake, ya makara wajen ba da umarni ko ya juya kafaɗarsa inda bai dace ba. Don haka koya masa zuwa da zarar ka kira, da zama ya jira har ka sallame shi, da gudu a damanka da hagunka yana bin hannunka. Ajiye sanda a ƙasa ya riƙa wucewa. Shimfiɗa katako a ƙasa ya koyi tsayawa a ƙarshensa. Minti biyar ya isa a zama ɗaya, a kan ciyawa ko ƙasa mai laushi.

In ya wuce shekara, kai shi likita ya duba, in da hali a ɗauki hoton ƙashi, sannan ka riƙa ɗaga sandar kaɗan-kaɗan. Tsayin tsalle da tsayin kafaɗar kare ake auna shi, ko manyan karnuka ba sa wuce santimita 60 a dokar FCI. Kare mai teɓa ba ya wannan wasa. A zafin Maris da Afrilu irin namu, in ba da asuba ko bayan faɗuwar rana ba, a bar shi, don kare da haki yake sanyaya jikinsa.

In ka ga yana ɗingishi, ko ya fara ƙin shingen da ya saba haurawa, tsayar da horon ranar nan, kada ka kira shi taurin kai. Kuma kada ka buɗe durowa ka ba shi ibuprofen ko diclofenac naka: suna huda cikin kare, suna kashe ƙoda. Hana shi guje-guje, in kwana biyu suka wuce bai daina ba, ko ya ƙi taka ƙafar sam, ka kawo shi asibiti.