Yadda Ake Mayar da Sharar Gida Takin Gona a Kurfai

A ƙasar Kurfai, daga Filinge zuwa Tukunus, yawancin gonakin hatsi jigawa ne, damina kuma ba ta wuce wata uku zuwa huɗu. Ƙasa irin wannan tana saurin gajiya, takin zamani kuwa ba kowane magidanci ke iya sayensa ba. Amma kusan duk abin da tsintsiya ke tarawa a tsakar gida abincin gona ne. Ga yadda ake sarrafa shi.

Da farko, a rarrabe shara tun wurin shara, don tun ran gini ran zane. Kwando ɗaya na abin da ke ruɓewa: ƙaiƙayi, ɓawon albasa da na gyaɗa, ganyen da ya zubo, ragowar kara da harawa da dabbobi suka tattake. Wani kwandon na leda, kwalba, gwangwani da mataccen batir. Waɗannan ba sa shiga rami ko kaɗan. Leda ce ta fi ɓarna: akuya ta haɗiye ta, ta cushe mata tumbi, ta rame har ta mutu, kuma mahauta sun san wannan sarai. Tun 2014 Nijar ta kafa dokar hana ledoji marasa kauri, amma dokar da ta fi aiki ita ce mutum ya tafi kasuwa da ƙwaryarsa ko kwandon kaba, ga goruba nan a Dallol Boso.

Na biyu, a haƙa rami a inuwa, nesa da rijiya don kada ruwan taki ya tsiyaya cikinta. Tsawo mita 2, faɗi mita 1, zurfi bai kai mita 1 ba, ya ishi gida guda. In ƙasar rairayi ce mai zubewa, a dafe bakin ramin da laka. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan kaka, sa'ad da kara ya wadata.

Na uku, jeri. A sassare kara gutsi-gutsi a shimfiɗa a ƙasa, kaurin taƙi ɗaya. A bi shi da kashin awaki, tumaki ko shanu, kamar rabin wannan kauri. Sai sharar kwandon farko, sannan a barbaɗa tokar murhu kaɗan, a yayyafa ruwa. Haka za a yi ta maimaitawa har rami ya cika. Kara shi kaɗai ba ya saurin ruɓewa, kashin dabbobi ne ke tayar da zafin da ke dafa shi. Ba a sa mushe, kashin kare ko ciyawar da ta riga ta yi ƴaƴa.

Na huɗu, ruwa da rufi. Ba sai an ɗebo sabon ruwa ba: na alwala da na ɗaurayar ƙwarya sun wadatar, muddin babu sabulu a ciki. A damƙi takin a hannu. Ya kamata ya jiƙa tafi ba tare da ya ɗiga ba. A rufe da tsohuwar tabarma ko zana don rana da iskar hunturu kada su busar da shi.

Na biyar, gwaji da juyi. A soka sanda a tsakiya. Bayan kwana uku zuwa huɗu a zaro ta: in ta yi zafi, aiki na tafiya, in da sanyi kuma a bushe, a ƙara ruwa, in tana wari, ruwa ya yi yawa, a ƙara busasshen kara. Kowane mako biyu a juya, na sama ya koma ƙasa, don iska ta shiga.

Bayan wata biyu zuwa uku taki ya nuna: ya yi baƙi, ya yi laushi, zafi ya sauka, ba a gane kara daga kashi. A ajiye shi a inuwa a rufe. Kada a watsa shi a fili iska ta kwashe. A zuba cikin tafi ɗaya ko biyu a kowane ramin shuka, ko a ramin tassa inda ƙasa ta zama fako, a rufe da ƙasa kafin ruwan farko. Mai garka a fadama ya cuɗa shi da ƙasar fangali kafin dashen tumatir ko kabeji. Ranar da aka kwashe rami, a ranar ake soma sabon jeri.