DARASI: KIRSIMATI A GIDAN DA FADA BAI ISO BA



Darasinmu na wannan wata ya samo asali ne daga tambayar wata yarinya. Wata shekara mun isa wani ƙaramin ɗakin addu'a a gabashin Sakkwato kwana 3 bayan Kirsimati, domin hanya ba ta ba mu damar zuwa a kan lokaci ba. 'Yar katikis ɗin wurin, wadda ba ta wuce shekara 7 ba, ta durƙusa ta gaishe mu, sa'an nan ta ce, "Fada, tun da ba ku zo ran Kirsimati ba, yau ne za a haifi Yesu a garinmu?" Uwarta ta harare ta, manya suka yi dariya. Amma da muka kama hanyar komawa sai muka ga tambayar ta cancanci amsa, gama manya da yawa suna ɗauke da ita a zuci, kunya ce kawai ta hana su faɗi.

1. Ƙasar da muke magana a kanta

Wurno da Rabah da Goronyo garuruwa ne masu tarihi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne ya kafa Wurno ta zama ribaɗi, a can ya rasu a 1837, a can kuma kabarinsa yake. A Rabah aka haifi Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello. A Goronyo akwai babban dam a kan gulbin Rima, wanda aka kammala a 1984. Jama'ar wannan yanki kusan dukkansu Musulmi ne. Kirista kaɗan ne, yawancinsu kuwa aiki ne ya kai su: malaman makaranta, ma'aikatan asibiti, 'yan sanda, masu shaguna, makanikai da 'yan hidimar ƙasa.

A watan Disamba hunturu ya kankama, an kai gero da dawa rumbu, manoma sun gangara fadama suna dashen albasa da tafarnuwa, injinan ban ruwa suna kuka tun asuba. A daidai wannan lokaci ne yawancin 'yan'uwanmu suke ɗaure kaya su tafi garuruwansu yin biki. Ɗakin addu'a yakan rage sai katikis da iyalinsa, da ma'aikacin da bai sami hutu ba, da wanda kuɗin mota ya gagara.

A kan wannan kuma ga matsalar tsaro. Ran Lahadi 17 ga Oktoba 2021 'yan bindiga suka faɗa wa kasuwar Goronyo, suka kashe fiye da mutum 40. A watan Mayu na 2021 aka kashe Fada Alphonsus Bello a Malumfashi, wadda a lokacin take cikin dayosis ɗin Sakkwato. Tun daga waɗannan shekaru tafiyar dare ta zama abin da mai hankali ba ya yi da ganganci. Firistoci ba su da yawa, wuraren da ke jiransu suna nesa da juna, Kirsimati kuwa rana guda ce.

2. Iyali Mai Tsarki ma a baƙunci suka yi nasu

Mu buɗe Bishara ta Luka sura 2 da ta Matiyu sura 2, mu duba da kyau. Yusufu da Maryamu ba don biki suka bar Nazarat ba. Umurnin hukuma ne na ƙidaya ya tilasta musu tafiya Baitalami, alhali Maryamu tana da tsohon ciki. Ba su sami masauki ba. Babu firist a wurin haihuwar, babu mawaƙan Haikali, waɗanda suka fara zuwa barka makiyaya ne masu kwana a daji. Da suka kai jaririn Urushalima, hadayarsu tsuntsaye 2 ce, abin da Littafin Firistoci sura 12 ya rangwanta wa matar da ba ta da halin ɗan rago. Bayan haka suka tashi da dare suka gudu Masar, domin Hirudus yana neman ran yaron.

Ashe kuwa Kirsimati ta fari an yi ta ne a ƙaramin gari, cikin talauci, a hannun mutum biyu da suke nesa da gidansu. Wanda ya kwana a Rabah ko Wurno ran 24 ga Disamba, yana jin kaɗaici domin danginsa suna can suna shagali, ya sani halinsa ya fi kusa da na Yusufu da Maryamu fiye da na mai zaune a cikin taron dubbai. Babbar majami'armu ta Sakkwato sunan Iyali Mai Tsarki take ɗauke da shi. Wannan suna tuni ne gare mu cewa dayosis ɗin nan, wanda aka kafa a 1964, a kan ƙananan gidaje masu aminci yake tsaye.

3. Abin da Ikilisiya ta koyar

Babban Taron Batikan na Biyu, a 1964, ya kira gidan Kirista ƙaramar ikilisiya, inda uwa da uba suke zama masu wa'azi na farko ga 'ya'yansu, da baki da kuma hali. Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya faɗaɗa wannan koyarwa a wasiƙarsa kan iyali ta 1981. Bishof-bishof na Afirka kuma, a taronsu na 1994, suka zaɓi su kwatanta Ikilisiya da iyalin Allah.

Dokokin Ikilisiya na 1983 ma ba su manta da mutumin ƙauye ba. Doka ta 1248 ta nuna cewa idan halartar Misa ta gagara saboda rashin firist ko wani babban dalili, ana ƙarfafa masu bi ƙwarai su taru su ji Maganar Allah bisa tsarin da Bishof ya ba da, ko kuwa su keɓe lokaci domin addu'a, mutum shi kaɗai, ko da iyalinsa, ko gidaje kaɗan su haɗu. Saboda haka wanda hanya ta tsare ba shi da zunubin rashin zuwa Misa. Amma hutu daga addu'a ba a ba shi ba.

Sai dai mu kiyaye. Taron da katikis ya jagoranta ba Misa ba ne, kada kuma a kira shi Misa. Ka'idojin da fadar Paparoma ta fitar a 1988 sun bayyana cewa jagoran irin wannan taro ba ya zama a kujerar firist, ba ya kuma karanta addu'ar keɓe gurasa da ruwan inabi. Dalili shi ne kada jama'a su saba har su daina marmarin Jibin Ubangiji. Wannan marmari abu ne mai kyau, shi ne ke sa mu roƙi Allah ya ta da firistoci daga cikin 'ya'yanmu.

4. Yadda iyali za su tsara ranar

Na farko, a yi shiri tun cikin makonni 4 na jiran zuwan Ubangiji. Wanda ya san Fada zai zo kafin Kirsimati, ya yi furcin zunubansa a wannan zuwa, kada ya jira. Wanda ke da gaba da wani ya je ya sulhunta.

Na biyu, a bar yara su gina komin dabbobi. Waliyi Faransis na Asisi ne ya shirya irinsa a Italiya a 1223, da ciyawa da sa da jaki, domin talakawa su gani da idonsu. Yaranmu sun iya ƙera shanu da raƙuma da laka, karan dawa kuwa yana ko'ina. Ba a bukatar sayen kome daga birni.

Na uku, a yi taron jajibiri da sauran haske, kowa ya koma gida kafin duhu. A fara da alamar gicciye da roƙon gafara. A karanta Ishaya sura 9, da Titus sura 2, da Luka sura 2. Maigida ko katikis ya yi gajeren bayani, a furta bangaskiya, a yi roƙo domin Ikilisiya da hukuma da marasa lafiya da waɗanda ke hannun masu garkuwa, a rufe da Addu'ar Ubangiji. Da safe a karanta farkon Bishara ta Yohanna. Ko mutum 4 ne, a yi waƙa, a sa tufafi masu kyau.

Na huɗu, a tuna cewa Kirsimati a tsarin Ikilisiya ba ta ƙarewa ran 25. Kwana 8 ake yi ana bikin kamar rana guda. Ran 26 ta Waliyi Istifanas ce, ran 27 ta Manzo Yohanna, ran 28 ta jariran da Hirudus ya kashe. Lahadin da ke tsakani ta Iyali Mai Tsarki ce, 1 ga Janairu kuma ta Maryamu Uwar Allah. Lokacin bai rufe ba sai ranar Baftismar Ubangiji. Duk ranar da Fada ya iso cikin waɗannan kwanaki, a cikin Kirsimati ya iso.

5. Tukunya da maƙwabta

Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Maƙwabcin da ya aiko mana da naman layya yana da hakki a kan shinkafarmu. Gidajen da suka daɗe a wannan yanki sun san hanya: sukan kira maƙwabci Musulmi ya yanka akuyar ko kajin, a dafa a tukunya mai tsabta, a aika yara da kwano gida gida, har gidan mai unguwa. Ba a kawo giya, ba a ta da kiɗa lokacin salla. Yin haka ba ɓoye bangaskiya ba ne. Idan aka tambaye mu bikin mene ne, mu faɗa a fili cikin ladabi cewa haihuwar Yesu Almasihu ɗan Maryamu muke tunawa.

Akwai kuma waɗanda suka fi kowa hakki. Tun harin da aka kai ƙauyen Tabanni a 2018, garin Gandi a ƙasar Rabah ya karɓi 'yan gudun hijira masu yawa, haka ma sauran garuruwan yankin. Yawancinsu mata ne da yara, Musulmi kamar sauran maƙwabtanmu. Wanda ya karanta labarin gudun Masar da safe, ya wuce gwauruwa da 'ya'yanta a cikin sanyin hunturu da yamma bai miƙa mata kome ba, bai fahimci abin da ya karanta ba. Tiya guda ta gero ko tsohon bargo ya isa a fara da shi.

6. Bayan biki

Bishara ta ba da 'yan surori kaɗan ga haihuwar, amma Yesu ya yi wajen shekara 30 a Nazarat a gidan masassaƙi. Haka rayuwar gidan katikis take. Da asuba addu'a, da hantsi gona ko shago, da yamma koyar da yara katikizim a gindin bishiya. Shi ne ke kai ziyara asibiti, shi ne ke shirya masu neman baftisma da aure, shi ne ke tsayawa bakin kabari idan mutuwa ba ta jira Fada ba. Inda kasuwa take ci ran Lahadi, shi ne ke lallashin 'yan kasuwa su fara zuwa addu'a kafin su buɗe rumfa. Ba banza ba Paparoma Faransis ya mai da aikin katikis hidima tabbatacciya a Ikilisiya a 2021.

Kada mu manta da matarsa. Ita ce ke share ɗakin addu'a, ita ce ke dafa wa baƙon da ya sauka ba sanarwa, ita ce matan unguwa suke auna addininmu da halinta a bakin rijiya da gidan suna. 'Ya'yansu kuwa sau da yawa su kaɗai ne Kirista a aji. Abin da zai riƙe su shi ne abin da suka gani a gida kowace rana: addu'a kafin cin abinci, jan carbi da dare, uba da ba ya zagin uwa, uwa da ba ta cin mudu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

7. Nauyin da ke kanmu

Mu da muke birni, muna zaɓen Misar da ta fi mana daɗi, muna da bashi a wuyanmu. Alawus ɗin katikis ba sadaka ba ce, hakkinsa ne, a biya shi kafin biki. Zumuntar Mata da ƙungiyar matasa su ware wani abu daga baikon kaka domin waɗannan gidaje. Masu tafiya gida hutu kuma su bar wani abu a hannun waɗanda za su tsare ɗakin addu'a. Mu firistoci, namu laifin shi ne alkawarin da ba mu cika ba. Gara mu sanar da ranar da za mu iya zuwa tun da wuri, da mu bar jama'a suna zaune suna kallon hanya.

Amsar da muka ba yarinyar nan a zuwanmu na gaba ita ce: "Ran da babanki ya karanta Luka, ke da ƙannenki kuka durƙusa gaban komin da kuka gina, ran nan kuka yi Kirsimati. Mu mun zo ne mu kawo muku Jibinsa."

Tambayoyi domin tattaunawa

1. In Fada bai iso ba wannan shekara, wa zai karanta, wa zai jagoranci addu'a a gidanmu?

2. Wane maƙwabci ne bai taɓa ganin kwanonmu ba?

3. Yaushe rabon da mu tambayi katikis ɗinmu halin da iyalinsa suke ciki?

Mu yi addu'a. Ya Allah Uba, kai da ka danƙa Ɗanka a hannun Maryamu da Yusufu a cikin baƙunci, ka dubi gidajen bayinka a Wurno da Rabah da Goronyo. Ka tsare matafiya, ka komo da waɗanda aka kora daga ƙauyukansu, ka ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu. Ta wurin Almasihu Ubangijinmu. Amin.