Ƙaramar Loma Ma Tana Son Kulawa

'Yata, na ji an ce ke za ki yi kayan ƙwalama na walimar ƙanwarki. Madalla, Allah ya yi miki albarka. An ce kuma bana ba samosa kaɗai kike so ba. Kina son 'yan ƙananan sanwic ɗin nan na loma ɗaya. To, matso kusa da ni. Ba hana ki zan yi ba.

Fara sanin irin sanwic ɗin da za ki kwaikwaya. A Amurka akwai shagunan nama da burodi da ake kira deli. Yahudawan da suka yi ƙaura daga gabashin Turai ne suka yi suna da su a birnin Niyok. Akwai wani mai suna Katz's, har yau ana bin layi a ƙofarsa. Abin da ake zuwa ci fastirami ne. Naman sa ne da ake jiƙawa a ruwan gishiri kwana da kwanaki. A shafe shi da masoro da kayan ƙamshi, a banda shi da hayaƙi, sannan a turara. Sai a jibga shi tsakanin burodi biyu da mastad, ga kokwamba mai tsami a gefe. Ke kuwa duk wannan daɗin kike so ki tattara a kan tsinke ɗaya.

Abu huɗu ne ke riƙe da shi: burodi, nama, ɗan maiƙo da ɗan tsami. In ɗaya ya ɓace, baki zai gane.

Nama dai ba sai kin wahalar da kanki ba. Balangu mai laushi ya isa, ki yanka shi siriri. Tsokar kaza ma ta yi, dambun nama ma haka. In kuwa na leda za ki saya a babban kanti, ki tsaya ki karanta rubutun jikinsa. Wanda ake ce wa ham na alade ne, salami ma galibi haka. In ba ki ga shaidar halal ba, bar musu kayansu.

Tsamin kuma ki yi abinki a gida. Kokwamba biyu, ki yanka su falle-falle. Rabin kofi na ruwan kal, rabin kofi na ruwa, sukari cokali ɗaya, gishiri ƙaramin cokali. Ki jiƙa su awa ɗaya, ki tsane su sosai.

Yanzu ga inda na taɓa faɗuwa. Wani suna ne a gidanmu, na ce bari in rage aiki. Tun dare na haɗa komai, har da tumatir. Da safe na buɗe tire, burodin ya sha ruwa ya yi laƙwas, in ka ɗaga sai ya rabu a hannu. Baƙi sun yi min kara, ba wanda ya ce uffan. Amma na ga yadda ake tura shi gefen faranti. Ranar na koyi hankali. Ki shafa bota har bakin burodi, ita ce ke tare ruwa. Tumatir ki cire 'ya'yansa. Yanke-yanke ki yi tun dare ki sa a firij, haɗawa kuwa sai baƙi sun kusa. Ki datse ɓawon gefe, ki raba kowane sanwic gida huɗu, ki soka tsinken sakace a tsakiya. Ki rufa tsumma mai tsabta mai ɗan danshi, kada iska ta busar da su.

Ki yi lissafi, 'yata. Yanka 20 na burodi zai ba ki sanwic 10, wato loma 40. Ki ƙiyasta wa kowane baƙo uku ko huɗu. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

Sai zafin garinmu. Nama da mayonis ba sa son jira. Masana lafiyar abinci sun ce kada su wuce awa 2 a waje. In zafi ya haura digiri 32, awa 1 kacal. Ki fito da su tire-tire, sauran su zauna a kula da ƙanƙara. Mutum zai manta da adon tirenki, amma ba zai manta gidan da ya samo ciwon ciki ba.

In kin gama, ki wanke hannu, ki sake mayafi, ki fito da fara'a. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Ki ajiye min guda uku, masu yawan tsamin nan.